Shekaruna a Kusurwar Kan Jirgi

Jiya da yamma na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai aikin Baba Bitrus riƙe bokiti ne da miƙa wa mutum ruwa. Ban ji haushi ba, don ni ma abin da na zata ke nan lokacin da nake ɗan kallo. To, tun da ruwan sama ya hana ku fita gudu yau, ku jawo benci ku zauna. Mai kusurwa ake ce wa irina. Shi ne mutumin da ke tsayawa a bayan ɗan wasa, ya ɗaure masa hannu kafin ya shiga, ya tsayar masa da jini in an fasa shi, ya gaya masa abin da idonsa bai gani ba. Bari ku ji yadda na koya, da labarin mutumin da na fi daɗewa a bayansa.

Abu na farko da na taɓa ɗaurewa ba hannun mutum ba ne, ƙafar bijimin sa ce. A lokacin ina malamin wasanni a wata firamare kusa da layin dogo. In an gama girbi 'yan dambe sukan zo filin bayan kasuwa, ni kuwa da an tashi daga makaranta can nake nufa, ko garin alli ban kakkaɓe ba. Mai ɗaure musu hannu wani mahauci ne, Malam Garba, wanda kakanninsa suka zauna a Kafanchan tun zuwan jirgin ƙasa. Kowa na kallon masu naushi, ni ina kallon yatsunsa. Ran nan ya ɗago kai ya ce, "Malam, kullum kana tsaye a kaina kana tare mini haske. In koyo kake so, ka same ni a rumfa gobe."

Na je da farar riga a goge. Ya dubi rigar, ya miƙo mini ƙafar wani yankakken sa da ƙyalle da zare. Na naɗa, na naɗa, na ja iya ƙarfina, na miƙa masa ina jin na burge shi. Ya jujjuya ta ya ce, "Ka gode wa Allah san nan ya riga ya mutu. Da da ransa, da yau ka gurgunta shi." Duk mahautan rumfar suka kwashe da dariya. Sannan ya ɗauki wuƙa ya buɗe gaɓar, ya nuna mini inda ƙashi ke hawa kan ƙashi, da inda jijiya ta bi. Ya ce ɗauri aikinsa ya riƙe ƙashi a wurinsa, ba ya tare wa jini hanya ba. Shi ya koya mini in danna farcen mutum bayan na gama: in ya yi fari ya koma ja nan take, ɗaurin ya yi; in ya daɗe da fari, a kwance a sake, ko da kuwa makaɗa sun fara kiran sunansa. Na yi kaka biyu ina bin sa kafin ya bar ni na taɓa hannun ƙanensa. Matata har takan ce ita malamin makaranta ta aura, ga shi kullum mahauci ke dawo mata gida.

Yanzu ku leƙa bokitin. Ga bandeji da filasta. Ga almakashi mai dakusasshen baki, don kada ka soki mutum garin kwance masa hannu. Ga auduga, ga man basilin da ake shafawa a gira da kunci don naushi ya zame. Ga robar baki guda biyu, domin ɗan wasa yakan manta tasa a ɗakin kwana, kuma ba a shiga babu ita. Wannan guntun tagullar kuwa wani tsohon makanikin jirgi ne ya goge mini ita har ta yi santsi. A cikin ƙanƙara take kwana, in ido ya kumbura sai ka danna ta a hankali. Dannawa na ce, ba gogawa ba. Masu gogawa su ke mayar da ƙaramin kumburi ƙwan agwagwa. Ƙanƙarar ma aiki ce a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Na yi shekaru ina lallaɓa wata mai sayar da ɗanyen kifi tana aje mini, shi ya sa 'yan wasana da yawa suka ci nasara suna ƙarnin kifi.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai wanda budurwa ta ƙi shi, yana so ya zama zakara kafin Kirsimeti. Wannan ba ya wuce mako biyu. Akwai wanda uwarsa ce ta kawo shi, ta ce, "Malam, tun da ya ƙi daina faɗa a unguwa, gara ya yi a inda akwai alƙali." Waɗannan sukan yi kyau. Akwai mai surutu wanda da an kira sunansa sai fitsari ya matse shi, akwai mai shiru da ba ka sanin yana jin tsoro sai ka kama hannunsa. Baki yana iya ɓoye abu, amma mutumin da ya miƙo maka hannu kana naɗa masa bandeji, kana jin duk abin da ke cikinsa a tafinka.

Wasan keji, wanda kuke kallo a waya kuna tsalle, daga baya ya iso mana. A cikinsa an haɗa dambe da kokawa da shuri. Kana iya kayar da mutum ka bi shi ƙasa, ka murɗe masa hannu ko ka shaƙe shi har sai ya bubbuga ƙasa da tafinsa, alamar ya sallama. Na riga na yi ritaya a lokacin, muka gyara wannan tsohon ɗakin ajiyar kaya, muka cika buhuna da garin katako muka rataye. A nan Ishaya ya same ni. E, Oga Ishaya ɗin nan da ke koya muku kokawa ranar Asabar. Shi da kansa ya ce in riƙa ba da labarin nan, kada in rage komai.

Daga Manchok ya zo a bayan babur, saurayi mai wuya kamar turmi, ya saba ɗaukar buhunan citta yana kuma kayar da samarin ƙauyuka a kokawa. Ya tsaya a ƙofa yana murmushi ya ce, "Baba, an ce kai ne kana koya ma mutane faɗa."

Na ce, "Ba faɗa nake koyarwa ba, wasa ne."

Ya ce, "To koya mini wasan. Faɗan ina da shi a gida."

Ban taɓa ganin mai son aiki kamarsa ba. In na sa matashin naushi, wannan mai kamar filo, a hannuwana yana bugu, sai na kwana kafaɗuna na ciwo. Kuma bai san ja da baya ba. Da an buga ƙararrawa gaba yake yi, ana dukansa yana tahowa, har sai ya rungumo ƙugun mutum ya ɗaga shi sama. Shi ya sa 'yan kallo suka sa masa Kan Jirgi. In ya shigo fili sai ka ji ɗaki ya ɗauka, "Kuuu! Kuuu!" kamar jirgi zai tashi daga tasha.

Aikin da na fi tunawa shi ne wata gira a Abuja, ranar da ya ci kambu. A turmi na biyu abokin karawarsa ya kawo gwiwar hannu ya tsaga masa girar hagu, jini ya rufe ido. Tsakanin turmi da turmi minti ɗaya ake ba ka, kuma likitan wasa na tsaye yana jira, in jinin bai tsaya ba ya tsayar da faɗan. A nan ne za ku san ko riƙe bokiti ne aikin. Na zaunar da shi, na share sau ɗaya, na matse bakin raunin da yatsu biyu na riƙe. Sabon shiga yakan ɗaga yatsa ya leƙa ko ya tsaya, to da ka leƙa ka ɓata. Ɗaya hannun yana danna tagulla a kunci, baki kuma yana aiki: "Yana sauke hannun dama in zai yi shuri. Ka jira shurin, ka shige." Ishaya ya ce, "Baba, ka yi sauri, mutumin nan yana hutawa da yawa." Na cika raunin da basilin. Likita ya duba ya ɗaga kai. Ba a kai rabin turmi na uku ba Ishaya ya kama ƙafar nan a sama, ya ɗaga mutumin, ya ajiye shi, ya hau kansa. Alƙali ya shiga tsakani.

Dawowarmu kuwa ba a magana. Tun daga bakin gari 'yan acaɓa suka tare mu da ganye a hannu, suna hon. Zumuntar matan ikilisiyarsu suka fito da tuluna da caki suna rawa a gefen titi. Malam Garba, wanda a lokacin sai da sanda yake tafiya, ya aiko da tsire cike da tire, ya ce a gaya wa malami ɗaurin ya yi. Har faston da ya taɓa yin wa'azi a kan masu dukan juna don abin duniya, shi ma ya zo ya ce a ɗauke su hoto, ya dunƙule hannu. Matar Ishaya, Rifkatu, malamar firamare ce, ba ta iya kallon faɗansa, takan shiga ɗaki ta toshe kunne, amma ranar ita ta ɗaura kambun a ƙugunta ta zagaya unguwa. Mun yi shekaru a haka. Ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa.

Sai mummunar shekara ta zo. Kaye na farko shuri ne a gefen wuya, daga wani dogo da ba wanda ya san shi. Ishaya ya faɗi kamar an sauke buhu daga mota. Da ya farfaɗo ya dube ni ya ce, "Baba, an fara?" Wannan ba wani abu ba ne, kowane ɗan wasa yana da ranarsa. Ya huta, likita ya sallame shi, ya koma. Na biyu a Legas aka shaƙe shi ta baya, ya bubbuga ƙasa da hannunsa. Wannan ya fi yi masa ciwo. Ya ce a na farko ba ya nan aka kayar da shi, amma a na biyu shi da kansa ya roƙa a bar shi. A na uku kuwa ba a ma kayar da shi ba. Tsayawa ya yi yana zagaya keji da baya, hannu a fuska, har aka gama. 'Yan kallon da ke yi masa kukan jirgi suka koma yi masa ihu.

Jikinsa lafiya lau. Ƙarfi na nan, numfashi na nan. Abin da ya karye ba ya cikin abin da ake naɗa wa bandeji. Na fara gani ne a wurin atisaye: in na kai masa matashin naushi kusa da fuska sai ya runtse ido. Ɗan wasan da ke runtse ido ya zama makaho a daidai lokacin da ya fi bukatar gani. Sannan waya. Yakan zauna a kan wancan bencin yana maimaita bidiyon shurin nan, ya kai ƙarshe ya dawo farko, sannan ya gangara ƙasa yana karanta abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce jirgi ya sauka daga layi. Wani ya ce dama ƙarfin ƙauye ne kawai. Mutanen da ko kaza ba za su iya riƙewa ba, amma ya haddace maganarsu kamar ayar Littafi. Ya daina zuwa sujada, wai ana kallonsa. Ya daina bi ta kasuwa. Mutumin da dariyarsa ke cika ɗakin nan ya koma in ka gaishe shi sai ya tambaye ka me kake nufi.

Daga nan ya fara neman wanda ya yi masa asiri. Yau ya ce an binne masa abu a ƙofar gida, gobe ya tafi wani gidan addu'a ya dawo da kwalbar mai. Ran nan ya ƙi shan ruwan da na miƙa masa, ya ce, "Wa ya taɓa bokitin nan?" Rifkatu ta same ni bayan an tashi daga makaranta, ta ce, "Baba, mutumin da ke gidana ban san shi ba. Ba ya dukana, ba ya zagina, amma yana wuni a ɗaki da labule a sauke. Jiya 'yarmu ta zo da gudu za ta rungume shi, ya kare fuska."

Ana cikin haka wani mai shirya wasa daga Abuja ya nemi ya sake fitowa. Sunan Kan Jirgi har yanzu yana cika ɗaki, ko don a zo a ga faɗuwarsa. Ishaya ya amsa bai gaya wa kowa ba. Ya zo nan da safe ya zauna a kujerar ɗauri, ya miƙo hannu, ya ce a fara shiri. Na kama hannun. Sanyi ƙalau, ga gumi. Na ajiye bandejin. Na ɗauki tawul na jefa masa a fuska a hankali, irin jifan wasa. Ƙaton nan ya zube daga kujera ya durƙusa, ya rufe kansa da hannu biyu.

Na ce, "Ishaya, ba zan ɗaure hannun nan ba."

Ya miƙe idonsa ja. "Kai ma sun saye ka ko?"

"Ba wanda ya saye ni. In ka shiga keji a haka, a kan gadon asibiti za a fito da kai, in an yi sa'a. Ka nemi wani ya ɗaure maka in kana so. Amma ka sani yau zan kira mai wasan da likitansu in gaya musu abin da na gani."

Ya shuri bokitin nan, ga lotsawar har yanzu, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita ba, ya fita. Na kira su kamar yadda na ce. Mai wasan ya yi ta lallashi, amma likitansu ya ce ba zai sa hannu ba, magana ta ƙare. Ku riƙe wannan: mai kusurwa ba yaron ɗan wasa ba ne. Kowa a ɗakin nan yana son a yi faɗa, mai wasa da 'yan kallo da shi ɗan wasan kansa. Kai kaɗai aka sa a wurin don ka ce a'a.

Abin da ya fi ƙarfina uwarsa ce ta yi shi. Mama Laraba, 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba, ta hau babur daga Manchok da ta ji labari. Ta shiga ɗakin ta yaye labule, ta zauna a bakin gado. Rifkatu ta ce ta ji tana cewa, "Ni ban haifi jirgi ba. Ishaya na haifa. Su da suka ba ka sunan su zo su ɗauki abinsu, ni ka ba ni ɗana. Tashi ka wanke fuska, za mu Kaduna." Rifkatu ta riga ta nemi wata likitar ƙwaƙwalwa a can. Suka ce in raka su. Muka shiga mota, ya juya mini ƙeya duk hanya. A Maraban Rido mota ta tsaya, ya ce shi zai sauka, shi ba mahaukaci ba ne. Mama ta leƙa taga ta sayi gasasshiyar masara, ta danƙa masa ta ce, "Ba wanda ya ce kai mahaukaci ne. Ci." Ya ci, mota ta tashi.

Likitar ta sa aka ɗauki hoton kansa, ta daɗe tana magana da shi su biyu, sannan ta kira mu. Ta ce ciwo ne sananne, baƙin ciki mai nauyi haɗe da firgitar da kan biyo bayan mummunan bugu, kuma yana jin magani. Ta tambaye shi, "Da ƙafarka ce ta karye, za ka ji kunyar ɗori?" Ya ce a'a. Ta ce to wannan ma haka ne. Ta ba shi magani, ta sa masa ranakun dawowa su yi magana, ta ce a raba shi da bidiyon nan. Sannan ta juyo gare ni ta tambayi yadda ake koya wa sabon ɗan wasa kada ya runtse ido. Na gaya mata. Ta ce in ya ɗan samu sauƙi in fara masa daga can ƙasa, kamar bai taɓa shiga keji ba, kuma kada a yi maganar faɗa.

Daminar nan a Manchok ya yi ta, yana noman citta da uwarsa. Duk Asabar nakan hau mota in je. Makonnin farko gaisuwa kawai, in taya su cire ciyawa in dawo. Wata rana ya ce, "Baba, bokitinka ya gyaru?" Na ce yana riƙe ruwa. Iyakar ban haƙurin da muka yi ke nan, kuma ya isa.

Aikin ido da ruwa ake fara shi. Mutum ya tsaya, ka tsoma yatsu a kwano ka yarfa masa a fuska, shi kuma ya yi ƙoƙari kada ya ƙifta. Daga nan sai safa da aka dunƙule, sai ƙwallon yara, sai a kai ga matashin naushi. Muna yi a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Rifkatu ta ce a ba ta kwanon, tana da tsohon haushi da za ta huce. Tana yarfa masa yana ƙiftawa, tana yarfawa yana ƙiftawa. Mama Laraba na gefe tana tsince wake tana kallonmu. Can ta ce, "Wannan wasan yara ne kuke yi." Ta tashi ta ɗebo ruwa cike da ƙwarya ta sheƙa masa gaba ɗaya. Ishaya ya tsaya ruwa na zuba daga gemunsa, ido a buɗe tar don mamaki. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa cikin taɓo, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mama ta koma kan wakenta ta ce, "Ga shi bai rufe ba."

Ba a ranar ya warke ba, kada ku ɗauka haka. Akwai Asabar ɗin da na je ya ƙi fitowa. Akwai lokacin da ya daina shan magani don ya ji sauƙi, sai da likita ta yi masa faɗa. Amma ya koma sujada, ya koma bi ta kasuwa. Wani ya yi masa kukan jirgi don tsokana, ya juya ya ce, "Jirgin yana gareji, ana gyara."

Fiye da shekara ta wuce kafin ya ce yana son faɗa ɗaya, na ƙarshe. Ya ce ba kambu yake nema ba, so yake ya fita daga kejin nan da ƙafarsa, fuskarsa na kallon gaba. Muka je wurin likita, ni da shi da Rifkatu. Ta yi masa tambayoyi, ta ce ta yarda, da sharaɗin in na ga abin da ban so ba in jefa tawul a tsayar da faɗan, shi kuma kada ya yi gardama. Ya ce ya ji.

A Abuja aka yi. Abokin karawar wani matashi ne daga Jos, mai sauri kamar walƙiya, wanda ya taso yana kallon faɗan Kan Jirgi. Da na kama hannun Ishaya zan ɗaure, da ɗumi. Yana jin tsoro, amma irin tsoron da kowane mai hankali ke ji. A turmin farko matashin ya kawo shuri daidai gefen wuyan nan. Tawul na hannuna. Ishaya ya ga ƙafar tun daga ƙasa, ya tare da hannu, ya taka gaba. Da ya dawo kusurwa yana haki ya tofar da robar baki ya ce, "Baba, ka gani? Na gan ta!" Na ce na gani, zauna in duba kuncinka.

Turmi uku suka yi cur. Ya ɗaga matashin sau ɗaya ya buga da ƙasa, ɗakin ya ɗauki kukan jirgi kamar rufin zai yaye. Amma matashin ya fi shi sauri, ya fi shi yawan bugu, kuma alƙalai ba su yi kuskure ba da suka ba shi. Da aka ɗaga hannun ɗan Jos, Ishaya ya tafa masa, sannan ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa ya zagaya keji da shi. Yaron yana sama yana kuka yana cewa, "Oga, sauke ni, ni ya kamata in ɗauke ka." Ishaya ya ce, "Ba za ka iya ba, zauna."

Washegari da safe muka kamo hanyar gida. Na dawo da 'yan wasa da yawa da suka sha kaye, na san yadda tafiyar take. Ba sa magana, ba sa runtsawa, suna jingine da taga suna sake faɗan a cikin kansu. Ishaya ya sayi doya soyayya a tasha ya cinye tasa ya taya ni tawa, ya kira Rifkatu ya ce mata an cinye shi amma ta dafa da yawa. Kafin mu kai Kagarko kansa ya faɗo a kafaɗata, ido ɗaya a kumbure, baki a buɗe, yana minshari har direba ya rage rediyo. Kun san nauyin kan nan. Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa har yatsu. Wata mata a bayanmu ta ce, "Baba, ka ture shi mana, zai karya ka."

Na ce, "Bar shi, Mama. Aikina nake yi."

Ban motsa ba sai da muka shigo Kafanchan.